Unguwar La Boca ta Buenos Aires: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙwallonta, Wurarenta na Tarihi da Abincinta

La Boca unguwa ce a kudu maso gabashin Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san ta da ƙungiyar Boca Juniors, masu yawon buɗe ido kuwa sun san ta da gidajen kwano masu launi iri-iri. Filin wasan da gidajen da abincin da ake ci a bakin titi duk tushensu ɗaya ne, wato tashar jiragen ruwa da talakawan baƙin da suka yi dako a cikinta, kuma a kan wannan tushe ne amsoshin da ke ƙasa suka tsaya.

A ina ainihin unguwar take, kuma su wane ne suka raya ta?

Tana bakin kogin Riachuelo, daidai inda yake malala cikin babban kogin Río de la Plata, tana iyaka da unguwannin San Telmo da Barracas da Puerto Madero. Ƙidayar shekarar 2010 ta nuna cewa mazaunanta sun kai kimanin dubu 45. Asalin wurin fadama ce da ruwa ke kwanciya a cikinta, ba kuma wanda ke da zaɓi da zai gina gida a can, sai dai kwanar kogin ta dace da tsayawar jiragen ruwa, don haka nan ce ta zama tashar farko ta birnin. A ƙarni na 19 ne baƙi suka yi ta kwararowa daga Turai, mafi yawansu daga Jenowa ta ƙasar Italiya, tare da 'yan Sifaniya da Girka da wasu daga gabashin Turai. Aikinsu dako ne da ɗaukar gawayi da gyaran jirage da aiki a wuraren jimar fata. Annobar shawara ta 1871, wadda ta fi yin ɓarna a kudancin birnin, ta sa masu hali suka ƙaura zuwa arewa, aka bar kudu ga masu cin guminsu.

Unguwar ta yi suna da taurin kai tun da wuri. Akwai labarin da mazauna ke bayarwa cewa a 1882, lokacin wani yajin aiki, 'yan Jenowa suka kafa tutarsu suka ce sun ɓalle daga Ajantina, har sai da Shugaba Julio Argentino Roca ya zo da kansa aka sauke tutar. Wannan labarin baka ne, amma abin da ke rubuce shi ne cewa a 1904 masu zaɓen La Boca suka tura Alfredo Palacios majalisar dokoki, ya zama ɗan majalisa na farko mai aƙidar gurguzu a ƙasashen Latin Amurka.

Me ya sa gidajen suke na kwano da katako, kuma kowane bango da launinsa?

Domin abin da hannu ya kai gare shi ke nan. Ƙasar mai laushi ce, ba ta ɗaukar gini mai nauyi, katako da kwano kuwa suna samuwa a tasha da arha. Gidajen hayar da ake kira conventillo ɗakuna ne a jere kewaye da tsakar gida guda, kowane iyali da ɗakinsa, amma banɗaki da wurin wanki da famfo na kowa da kowa ne, matakalar ƙarfe ko ta katako kuma tana hawa ta waje zuwa bene. Fenti kuwa, kamar yadda ake faɗa, ragowar wanda aka shafa wa jirage ne, kuma da yake gwangwani ɗaya ba ya isar gida guda, inda kore ya ƙare sai a ci gaba da ja ko rawaya.

Mai lura zai ga cewa a wasu tituna gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi yana da tsayi ƙwarai, har sai an taka matakala kafin a hau. Dalili shi ne iskar da ke kaɗowa daga kudu maso gabas, wadda ke tura ruwan babban kogin ya koma cikin Riachuelo ya mamaye unguwar. Gobara ma ba ta bar gidajen katako sun huta ba, shi ya sa a ranar 2 ga Yuni, 1884, Tomás Liberti da maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa kai, ta farko a duk faɗin Ajantina. Har yau ranar 2 ga Yuni ce ƙasar ke tunawa da 'yan kwana-kwana na sa kai.

Yaya aka kafa Boca Juniors?

Samari biyar 'ya'yan baƙin Italiya ne suka kafa ta a ranar 3 ga Afrilu, 1905: Esteban Baglietto, da Alfredo Scarpatti, da Santiago Sana, da 'yan'uwa biyu Juan da Teodoro Farenga. An ce a gidan su Baglietto suka fara taron, da hayaniya ta yi yawa maigidan ya kore su, suka je suka ƙarasa magana a kan benci a dandalin Plaza Solís. Baglietto ne ya zama shugaban farko. Laƙabin da magoya baya ke alfahari da shi har yanzu, wato Xeneizes, yana nufin mutanen Jenowa ne a karin harshensu.

Ƙungiyar ta shiga rukunin farko a 1913 kuma tun daga lokacin ba ta taɓa faɗowa ba. Wani abin da ya faru shekara guda bayan haka ya nuna yadda take manne da unguwarta. Rashin fili ya sa shugabanni suka mayar da ita garin Wilde da ke kudu da birnin a 1914, sai mafi yawan mambobi suka daina biyan kuɗin wata, dole aka kwashe kaya aka dawo La Boca. Duk wata muhawara da ake yi a yau kan gina sabon fili a wani wuri, wannan tsohon darasi yana cikinta.

Daga ina shuɗi da rawaya suka samo asali?

Daga tutar ƙasar Suwidin. A shekarun farko ƙungiyar ta sauya riga fiye da sau ɗaya, har zuwa 1907 lokacin da Juan Brichetto, wanda ke aiki a ɗaya daga cikin gadojin tashar, ya kawo shawarar a ɗauki launin tutar wani jirgin ruwan Suwidin da ya shigo. Da farko ratsin rawaya a karkace yake, sai a 1913 aka mayar da shi a kwance a ƙirji kamar yadda yake a yau.

Da gaske ne River Plate ma a La Boca aka kafa ta?

Gaskiya ne, kuma wannan babbar abokiyar hamayyar Boca ta ma girme ta, domin an kafa ta a ranar 25 ga Mayu, 1901. Ƙungiyoyin biyu 'yan unguwa ɗaya ne da suka yi rigimar fili da magoya baya tun suna ƙanana. Wasansu na farko a hukumance an buga shi a ranar 24 ga Agusta, 1913, River ta ci biyu da ɗaya. A 1923 River ta bar unguwar ta koma arewacin birnin, a 1938 kuma ta buɗe filinta na Monumental. Wannan ƙaura, haɗe da makudan kuɗin da ta kashe wajen sayen 'yan wasa a farkon shekarun 1930, ita ta jawo mata laƙabin masu miliyoyi, aka riƙa kallon Boca a matsayin ƙungiyar 'yan dako da ba ta bar gida ba. A zahiri rabon bai kai haka tsafta ba, domin kowace ƙungiya tana da attajirai da talakawa a cikin magoya bayanta, amma labarin ya zauna a zukatan mutane.

Hamayyar tana da ɓangarenta na baƙin ciki. A ranar 23 ga Yuni, 1968, mutum 71, mafi yawansu matasa magoya bayan Boca, suka mutu a turmutsitsi a ƙofa ta 12 ta filin Monumental bayan an tashi wasa. A 2018 kuma, da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Libertadores, wato gasar zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka, an tashi biyu da biyu a La Boca, sai aka jefi motar 'yan wasan Boca a hanyarta ta zuwa wasa na biyu, aka ɗage wasan aka kai shi filin Bernabéu na Madrid, inda River ta ci uku da ɗaya a ranar 9 ga Disamba. Idan 'yan River suka ɗauko zancen Madrid, 'yan Boca sukan mayar musu da zancen 2011, shekarar da River ta faɗa rukuni na biyu.

Me ya sa filin La Bombonera yake da siffa irin wadda ba a saba gani ba?

Ƙarancin wuri ne ya haifi siffar. Filin da ƙungiyar ta samu a titin Brandsen, inda ta riga ta kafa filin katako tun 1924, matsattse ne tsakanin gidajen mutane da layin dogo, ba zai ɗauki zagayayyen fili ba. Injiniya José Luis Delpini da mai zanen gini Viktor Sulčič, ɗan asalin Sulobeniya, suka ga tunda babu damar faɗaɗawa, sai a yi sama. Saboda haka ɓangarori uku suna da hawa uku da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya a tsaye sosai, na sama yana leƙowa kan na ƙasa, ɓangare na huɗu kuwa miƙaƙƙen bango ne, wanda a 1996 aka sake gina shi da ɗakunan kallo na musamman. An buɗe filin a ranar 25 ga Mayu, 1940, da wasan da Boca ta ci San Lorenzo biyu da nema, an kuma kammala hawa na uku a 1953. Yana ɗaukar mutum fiye da dubu 50. Tun shekarar 2000 sunansa a hukumance Alberto J. Armando, sunan wani tsohon shugaban ƙungiyar, amma ba mai kiransa haka a titi, sai La Bombonera, saboda kamarsa da akwatin alewar cakulan.

Wannan matsi ne ya ba filin kwarjininsa. 'Yan kallo suna dab da layi, sautin ganguna da waƙa yana dukan miƙaƙƙen bangon ya dawo, kuma idan dubban mutane suka yi tsalle a lokaci guda simintin benen yana motsi ƙarƙashin ƙafa, abin da 'yan wasan ƙungiyoyin baƙi da dama suka sha ba da labarinsa. Magoya baya sukan ce filin ba rawa yake yi ba, bugawa yake kamar zuciya. Tsananin ƙin launin abokan hamayya kuwa ya kai ga cewa a shekarun da kamfanin Coca-Cola ke talla a filin, da baƙi da fari aka rubuta allunan, domin ja da fari na River ne.

Shi kansa Armando ya taɓa yunƙurin fitar da ƙungiyar daga nan. Ya yi alkawarin katafaren fili a kan ƙasar da aka cike a bakin Río de la Plata, wanda za a buɗe ranar 25 ga Mayu, 1975. Ranar ta zo ta wuce ba a gina shi ba.

Me ake nufi da "ɗan wasa na 12"?

A 1925 Boca ta yi rangadi a Turai, ta buga wasa 19 a Sifaniya da Jamus da Faransa, ta ci 15. Wani mai goyon baya, Victoriano Caffarena, ya biya kuɗin jirginsa ya bi su, yana taimakawa da ɗaukar kaya da tausa, sai 'yan wasan suka riƙa kiransa ɗan wasa na goma sha biyu. Daga baya sunan ya koma kan magoya bayan baki ɗaya. Ya kamata a san cewa La Doce, wato goma sha biyu da harshen Sifaniyanci, kuma suna ne na gungun tsagerun magoya baya da ke tsayawa bayan raga, waɗanda shugabanninsu suka sha gurfana a kotu kan tashin hankali da cinikin tikiti ta bayan fage.

Waɗanne manyan kofuna ƙungiyar ta ci?

Ta ci kofin Libertadores, wanda shi ne mafi girma tsakanin ƙungiyoyin Kudancin Amurka, har sau shida: 1977 da 1978 ƙarƙashin koci Juan Carlos Lorenzo, sai 2000 da 2001 da 2003 ƙarƙashin Carlos Bianchi, sai 2007 ƙarƙashin Miguel Ángel Russo. Independiente ce kaɗai ta fi ta, da bakwai, kuma Boca ta nemi kamo ta a 2023 amma Fluminense ta doke ta biyu da ɗaya a filin Maracanã. Kofin da zakaran Turai ke karawa da zakaran Kudancin Amurka kuwa ta ɗauke shi sau uku, a hannun Borussia Mönchengladbach da Real Madrid da AC Milan.

Na Real Madrid ne aka fi tunawa. A Tokyo, ranar 28 ga Nuwamba, 2000, Martín Palermo ya zura ƙwallo biyu kafin a cika minti bakwai da fara wasa, Roberto Carlos ya rama ɗaya, daga nan Juan Román Riquelme ya riƙe ƙwallo a ƙafarsa ya hana Madrid sakat har aka tashi. Palermo ne ya fi kowa ci wa ƙungiyar ƙwallo a tarihi, da 236. Riquelme kuwa mambobi suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar a Disamban 2023. Kujerar ba ƙarama ba ce, domin Mauricio Macri ya riƙe ta daga 1995 zuwa 2007, daga nan ya zama shugaban gwamnatin birnin, sannan shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2019.

Maradona ɗan La Boca ne?

A'a, ko da yake yawan hotunansa a bango zai sa baƙo ya zaci haka. A Villa Fiorito ya tashi, wata unguwar talakawa a wajen birnin, kuma a Argentinos Juniors ya fara wasa. Ya zo Boca a 1981 ya ci gasar ƙasa da ita a shekarar, ya tafi Barcelona a 1982, ya dawo a 1995, kuma wasansa na ƙarshe shi ne wanda suka buga da River a ranar 25 ga Oktoba, 1997. A La Bombonera aka yi masa wasan bankwana a Nuwamban 2001. Zamansa a ƙungiyar gajere ne idan aka kwatanta da na Riquelme ko Palermo, shi ya sa in ana zancen gwarzon ƙungiya da yawa daga cikin mambobi Riquelme suke sa wa gaba, su bar wa Maradona matsayin gwarzon ƙasa.

Baƙo zai iya samun tikitin shiga wasa?

Da wuya ƙwarai. Mambobin ƙungiyar sun ninka kujerun filin sau da yawa, don haka kusan duk wuraren nasu ne, ba a kuma saba sayar da tikiti a ƙofa ba. A 2013 aka hana magoya bayan ƙungiyar baƙi shiga yawancin wasannin gasar ƙasa saboda tashin hankali. Tikitin da ake tallatawa a bakin titi yawancinsa jabu ne ko katin wani mamba, kuma mai saye ne ke kwana a ciki. Wanda burinsa ganin filin ne kawai, gidan tarihin ƙungiyar da aka buɗe a 2001 a ƙarƙashin benen 'yan kallo yana karɓar baƙi a ranakun da babu wasa.

Mene ne Caminito, kuma tsohon titi ne na asali?

Ɗan gajeren lungu ne mai lanƙwasa, tsawonsa bai wuce mita 150 ba, kuma shi ne wurin da aka fi ɗauka hoto a unguwar. Lanƙwasar ta samo asali ne daga wani rafi da ya ƙafe, wanda daga baya aka shimfiɗa layin dogo a kansa. Da jirgin ƙasa ya daina bi a 1928 sai wurin ya zama juji. A shekarun 1950 wasu maƙwabta suka share shi, mai zane Benito Quinquela Martín ya jagoranci shafa wa bangwayen fenti mai haske, aka kafa gumaka da zane-zane, a 1959 kuma hukumar birni ta amince da shi a matsayin gidan tarihi na fili. An ba shi sunan wata waƙar tango ta 1926 wadda Juan de Dios Filiberto, ɗan unguwar kuma abokin Quinquela, ya tsara kiɗanta.

Ke nan Caminito tunawa ce da tsohuwar La Boca wadda aka shirya da gangan, kuma launinsa ya fi na ainihin gidajen da ƙarfi. Wannan bai rage masa daraja ba, sai dai wanda ya tsaya a nan kaɗai, tsakanin masu rawar tango na haya da masu sayar da rigunan ƙwallo da masu kwaikwayon Maradona don a yi hoto da su, ya ga baje koli ne kawai. Gidajen haya na gaske, inda har yau iyalai ke cunkushe, suna titunan da ke bayansa.

Wane ne Quinquela Martín da sunansa ke ko'ina?

Maraya ne da aka ajiye a gidan marayu na birnin a 1890. Yana ɗan shekara shida ko bakwai wani mai sayar da gawayi ɗan Jenowa da matarsa suka ɗauke shi riƙo, ya tashi yana ɗaukar buhunan gawayi a tasha. Abin da ya sani shi ya zana: jirage, hayaƙi, da 'yan dako sun sunkuya ƙarƙashin kaya, kuma da ƙaramar wuƙar shafa fenti yake aiki maimakon buroshi, shi ya sa fentin yake da kauri a zanensa. Da ya yi suna ya yi kuɗi a Turai da Amurka, sai ya sayi filaye a bakin kogin ya ba gwamnati kyauta bisa sharaɗin a gina abin amfanin jama'a. A kansu aka gina makarantar firamare a 1936, da gidan tarihi a saman makarantar a 1938, da wurin renon yara, da asibitin haƙori na yara, da gidan wasan kwaikwayo na Teatro de la Ribera. A gidan tarihin akwai ɗakunan da ya zauna, da tarin sassaƙen katako da ake kafawa a goshin tsofaffin jirage. Ya rasu a 1977, aka binne shi a akwatin da shi da kansa ya yi wa fenti tun yana raye.

Wannan katuwar gadar ƙarfe da ke kan kogin fa?

Ita ce gadar Nicolás Avellaneda, wadda aka buɗe a 1914. Ba a tafiya a kanta, wani dandamali ne ke rataye a jikinta yana ɗaukar mutane da kekunan doki da tarago daga wannan gaɓa zuwa unguwar Isla Maciel a ɗaya gaɓar, yayin da tsayinta ke bai wa jirage damar wucewa ta ƙasa. Gadar mota da aka buɗe kusa da ita a 1940 ta rage mata aiki, ta tsaya a 1960. A shekarun 1990 an so a sayar da ita a matsayin tsohon ƙarfe, mazauna suka ƙi, aka ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa, aka kuma gyara ta ta sake motsi a 2017. Irinta takwas ne suka rage a duniya.

Akwai wasu wuraren da suka cancanci ziyara?

Akwai Fundación Proa a kwanar kogin da ake kira Vuelta de Rocha, gidan nune-nunen fasahar zamani da aka buɗe a 1996. Akwai kuma Usina del Arte, tsohuwar tashar wutar lantarki ta jan bulo mai hasumiyar agogo, wadda aka mayar da ita zauren kiɗa a 2012.

Wane abinci ne na La Boca na asali?

Fugazza da 'yar'uwarta fugazzeta. Mutanen Jenowa sun zo da wani faffaɗan burodi da ake shafa wa man zaitun a barbaɗa albasa, abincin ma'aikaci mai arha da ke riƙe ciki. Iyalin Banchero, waɗanda kakansu Agustín ya iso a 1893 ya buɗe gidan burodi a unguwar, su ake danganta wa ƙara masa cuku, kuma gidan fizar da suka buɗe a 1932 a titin Almirante Brown yana nan. Fugazzeta kuwa kwaɓi biyu ne, a shimfiɗa na ƙasa a zagayayyen farantin ƙarfe, a cika shi da cuku, a rufe da na sama mai sirara, sannan a lulluɓe da yankakkiyar albasa a sa a tanda har bakin albasar ya fara ƙonewa. Babu tumatir a ciki ko kaɗan. Idan aka yanka ta da zafi cukun yana malalowa kan faranti, don haka da wuƙa da cokali mai yatsu ake cinta, kuma yanka biyu sun ishi mai matsakaicin ci.

Abokiyar tafiyarta ita ce fainá, wadda ake yi da garin wani wake mai zagaye da ake kira garbanzo, a dama shi da ruwa da mai da gishiri a gasa shi da faɗi. Al'adar birnin ita ce a ɗora yankan fainá a kan yankan fiza a ci su tare, su kan ce fizar ta hau doki. Daga Jenowa kuma aka gaji pascualina, wani gasasshen kwaɓi da ake cusa wa ganye da dafaffen ƙwai, da miyar pesto da ake zuba wa taliya. A ranar 29 ga kowane wata gidaje da yawa suna cin ñoquis, ƙananan curin dankali da fulawa, wasu har da sa takardar kuɗi ƙarƙashin faranti don fatan arziki, kuma bayanin da aka fi yi shi ne cewa ƙarshen wata aljihu ya bushe, dankali da fulawa ne suka rage.

Me ake ci a ranar wasa?

Awanni kafin a fara wasa titunan da ke kewaye da filin sun cika da hayaƙin garwashi. Sarkin abincin ranar shi ne choripán: niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji, a gasa shi, a tsaga shi biyu a sake ɗora shi kan wuta ta ɓangaren da aka tsaga, a sa cikin burodi a zuba masa chimichurri, wato haɗin yankakken ɗanyen ganye mai ƙamshi da tafarnuwa da barkono da mai da ruwan khal. Akwai kuma fizar filin wasa, marar cuku, tumatir da tafarnuwa da yaji kawai, wadda masu talla suka saba kawowa a manyan farantai su sayar a sanyaye, domin cuku ba ya jure dogon jira a rana.

Wanda ba ya cin naman alade, me zai kiyaye?

Choripán yawanci da naman alade ake yinsa, ko zalla ko haɗe da na sa, haka ma bondiola da ake gasawa kusa da shi, wadda kafaɗar alade ce. Wasu gidajen suna cusa wa fugazzeta siraran yankan naman alade da ake kira jamón, don haka a tambaya kafin a saya, a kuma tambayi irin kitsen da aka kwaɓa empanada da shi, wato ɗan kwaɓin da ake naɗe nama a ciki. Bife de chorizo kuwa, duk da cewa chorizo shi ne sunan ɗurarren naman da ake yin choripán da shi, tsokar naman sa ce zalla. Fugazza ta albasa da fainá da fizar filin wasa da pascualina babu nama a cikinsu. Mai neman naman yankan Musulunci zai fi samun bayani a Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad da ke unguwar Palermo, wadda aka buɗe a 2000.

Tsofaffin gidajen abincin unguwar suna nan?

Kaɗan ne suka rage. A tsakiyar ƙarni na 20 titin Necochea cike yake da gidajen abinci na Italiyawa inda ake cin taliya da kifi ana kiɗa har tsakar dare, amma da harkar jirage ta koma sababbin tashoshin da ke arewa, aiki ya ragu, mutane suka watse, kusan dukkansu suka rufe. Daga cikin waɗanda suka jure akwai El Obrero, wanda ke ciyar da ma'aikata tun 1954, bangonsa cike da tutocin ƙungiyoyi da tsofaffin hotuna. Gidajen abincin da ke bakin Caminito don baƙi aka yi su, kuɗinsu ya fi yawa, girkinsu kuma bai kai na cikin unguwa ba.

Yaya ake zuwa, kuma akwai tsaro?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai La Boca ba, sai bas ko tasi. Bas mai lamba 29 da 64 da 152 suna zuwa daga tsakiyar birni, kuma ana biya da katin sufuri na SUBE. Kuɗin ƙasar peso ne, farashi kuma yana saurin sauyawa saboda hauhawa, don haka a tambayi kuɗin abu kafin a ci. Tsakanin Caminito da bakin kogi da filin wasa akwai jama'a da 'yan sanda da rana, amma unguwar ta talakawa ce mai fama da ƙwace, ba a son baƙo ya kutsa lungunan da bai sani ba da waya ko kyamara a hannu, kuma bayan faɗuwar rana gara a ɗauki tasi. Kogin kansa na kallo ne kawai, domin fiye da shekara ɗari masana'antu da mahauta da majemai suna zuba masa dagwalo, kuma duk da umarnin tsabtace shi da Kotun Ƙolin ƙasar ta bayar a 2008, wanda ya sa aka kwashe tarkacen jirage wari ya ragu, ruwan bai kai a taɓa shi ba. A ranar wasa ana rufe titunan da ke kewaye da filin tun da wuri, kuma kada a kuskura a shiga unguwar da riga mai ja da fari.